Yaɓen Gidan Na'Allah

Wata huɗu cur gidan Malam Na'Allah yana hannun dillali, ba a samu ko mutum ɗaya da ya taya ba.

Ba wata matsala ce ta sa za su sayar ba. Na'Allah ya yi shekara talatin yana yi wa bisashe allura, daga Dakoro har rugagen arewa, bara kuma ya aje aiki. 'Ya'yansu sun watse: Zakiru yana Maradi da iyalinsa, Nana tana aure a Tawa. Gida mai ɗaki biyar ya koma na mutum biyu da kaji. Matarsa Rahamatu kuwa 'yar Mai Yara ce, can ta gaji gona daga mahaifinta, can ƙanwarta Hafiza take, kuma tuni suka gina ɗaki biyu a gefen gonar. Abin da ya rage kawai a sayar da na birni, a sayi tumaki, a koma. Rahamatu ta ɗaure kwanukanta na aure cikin buhu tun farkon damina. Ga shi har an yanke hatsi, ana ta shigowa da dammuna a kan amalanke, buhun yana nan jingine a bayan gado.

Wata ranar kasuwa Jimrau dillali ya aiko cewa zai kawo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira mushe, da matarsa. Rahamatu ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke randuna, ta kore kaji zuwa bayan madafa, ta sa turaren wuta a kowane ɗaki. Da ta ji ƙarar moto, wato babur, ta tsaya a waje sai ta gyara ɗaurin kallabi, ta matso zaure don ta tarbi baƙuwa.

Baƙuwar ko saukowa ba ta yi ba. Rahamatu ta ji muryarta sarai ta kafar ƙyaure.

"Wanga ne gidan? Haba mushe, mu tahi. Ni ban shiga kango."

Moto ta juya. Turaren wuta ya ci gaba da tashi a ɗakunan da ba wanda ya gani.

Ranar Rahamatu ba ta iya cin tuwon kirki ba. Kango! Gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki, gidan da ko tsinke ba ya kwana a tsakarsa. Ta yi ta juya kalmar a ranta kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Da gari ya waye ta yafa mayafi ta fita. Ba ta tafi ko'ina ba. Ta tsallaka hanya kawai zuwa ƙofar maƙwabciyarta Uwale, ta juyo, ta tsaya tana kallon gidanta kamar yau ta sauka garin.

Shekara ashirin da shida tana shiga tana fita ta wannan ƙofa, ashe ba ta taɓa duban ta ba. Ruwan damuna ya wanke yaɓen katanga har tubala sun fito kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Indararo ɗaya ya karye, ruwan da yake zubarwa ya haƙa rami a jikin bango. Ƙyauren kwano ya yi tsatsa, ya karkace, igiya ce ke riƙe da shi ta sama. A hannun hagu ga juji ya yi tudu, tumfafiya uku sun tsiro a kansa har da furanni, baƙaƙen ledoji sun maƙale a ƙaya suna kaɗawa. Bedin ƙofar gida, wato dogon yaro, ya yi cunkus, rassansa sun sauko sun rufe rabin zaure. Dakalin da ke ƙarƙashinsa kuwa gefe ɗaya ya zube, an tokare shi da tsohuwar tayar mota.

Ta sake bin gidan da kallo daga sama har ƙasa. Can sai dariya ta kufce mata, ta yi ta yi har ta dafa bango.

Uwale ta leƙo da muciya a hannu. "Yaya, lahiya kike dariya ke ɗai da sassafe?"

"Uwale, don Allah dubi abin ga. Ke kullum shi kike kallo in kin fito, ba ki taɓa gaya mani ba?"

Uwale ta dubi gidan, ta dubi Rahamatu. "To mi zan ce? Na ɗauka haka kuke son shi."

Da hantsi Rahamatu ta sa aka kira Jimrau. Ya durƙusa a zaure yana murza hularsa, ya ce ya daɗe yana son ya faɗa, nauyin Malam yake ji. Ya ce cikin gidan ba shi da na biyu a unguwar, amma mutane tun daga bakin hanya suke yanke shawara, wanda ma ya daure ya shiga, ransa ya riga ya fita. In da za a gyara gaban kawai, shi ya san aikinsa.

Na'Allah bai ga dalili ba. Yana zaune kan tabarma yana gyaran rediyonsa lokacin da ta kawo maganar, bai ko ɗago kai ba.

"Gidan da za mu bari, shi za mu tsaya yi wa kwalliya? Wanda ya saya ya gyara abinsa."

"Malam," ta ce, "shekararka talatin cikin bisashe. Ka taɓa ganin wanda ya kai rago kasuwa bai wanke shi ba?"

Ya ajiye rediyon. Ya dube ta. Sannan ya yi murmushi ya ce shi ya taɓa ganin wanda ya shafa wa ƙahon sa mai ma, don ya yi ƙyalli. Ya ce ta yi abin da ta ga ya dace, amma kada ta taɓa dakali sai ta shawarci masu shi.

Masu dakali su biyu ne. Akwai Maraya, tsohon direban babbar mota wanda ya san kowane rami tsakanin Dakoro da Agadas, ga baki kamar rediyo. Akwai Malam Zakariya, tela ne har idonsa ya gaza zura zare, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Kusan shekara ashirin ke nan kullum da hantsi sai sun zo sun zauna ƙarƙashin bedin nan su da Na'Allah, suna dara a ƙasa, suna musu a kan ruwan bana da na bara. Kullum kuma da azahar sai Rahamatu ta aiko musu da ƙwaryar fura.

Kwana biyu bayan haka, Na'Allah ya tafi neman magini. Rahamatu tana cikin zaure a bayan ƙyaure tana kankare tsatsa da guntun dutse, sai ta ji wani baƙo ya yi sallama da dattawan a waje.

"Baba, wanga ne gidan da anka ce ana saidawa?"

"Shi ne," in ji Maraya. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Gida kam ba laihi. Sai dai da damana ruwa kan kwanta nan har gwiwa. Bara da kwalekwale munka so fita."

"Ga kunamu," in ji Zakariya a hankali. "Baƙaƙe."

"Ga jemagu a cikin itacen ga. Amma dai ka shiga ka gani, mu ba mu hana ka ba."

Baƙon ya yi godiya, ya ce zai dawo. Takunsa ya nuna ba zai dawo ba.

Rahamatu ta ja ƙyauren, ya yi ƙara, ta fito da dutsen a hannunta. Maraya ya ga ta, tsinken darar da ke hannunsa ya faɗi. Zakariya ya shiga neman takalminsa alhali yana ƙafarsa.

"Kwalekwale," ta ce. "A Dakoro. Inda muke sayen ruwa a bidon roba."

"Matar Malam, ai wasa ne..."

"Mutum nawa kunka yi wa wasan ga?"

Suka dubi juna. Zakariya ya ɗaga yatsu huɗu, ya sake tunani, ya ƙara ɗaya.

Ta so ta yi faɗa, ta ma shirya kalmomin. Amma sai ta ga Maraya, ƙaton mutum mai farin gemu, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, tun da matarsa ta rasu ba shi da inda yake zuwa ya ji shi mutum ne sai nan. In Na'Allah ya tafi, wani ya sayi gidan ya kafa shago a wurin, su ina za su? Zakariya ya ce shi gidansa jikoki goma sha ɗaya ne, ko tunaninsa ba ya ji.

Rahamatu ta zauna a gefen dakalin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta ji, kuma ba ta ce ba su da gaskiya ba. Amma ita ma tana da 'yar'uwa da ke jiran ta, tana da gona da take so ta taka da ƙafarta tun tana da ƙarfi. Ta ce hukuncinsu ɗaya ne: bakin da ya kore mata mutum biyar, hannunsa zai gyara mata ƙofar gida. In ba haka ba, furar azahar ta ƙare daga yau.

Da Na'Allah ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, yana nuna Maraya yana cewa "kwalekwale!" Daga baya kuma ya kama hannun abokan nasa duka biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Da juji aka fara. Wani manomi daga hanyar Birnin Lalle ya ji labari ya zo da amalankensa, ya ce shi taki yake nema, a bar masa. Sawu shida ya yi. Dattawan suna tona da shebur, Rahamatu da Uwale suna tsince leda da fasassun kwalabe. Abin da bai fito daga tudun nan ba kaɗan ne: takalmi ƙafa ɗaya, murfin tukunya, kejin tsuntsu, rabin fitilar ƙwai. Can ƙasa shebur ɗin Zakariya ya bugi wani abu ya yi ƙara. Ya sunkuya ya zaro 'yar butar shayi shuɗiya, duk ta lotse.

Ya ɗaga ta sama. Muryarsa da ba a saba ji ba ta fito har bakin hanya.

"Maraya! Shekara tara kana cewa ni na kai ta gida!"

Maraya ya karɓi butar ya jujjuya ta, ya ce lalle ta yi kama da tasa, amma ai buta da yawa ne a duniya. Sai da Na'Allah ya nuna masa wayar da shi Maraya ya ɗaure murfin da ita da hannunsa, sannan ya yarda. Ya nemi gafara a gaban jama'a, Zakariya ya ce zai yi shawara.

Magini Mahamman ya zo ya duba katanga, ya ƙwanƙwasa ta nan da can, ya ce ƙashinta lafiya lau, riga kawai take so. Aka ɗebo jar laka daga bakin tafki, aka zuba a inda jujin yake a da, aka haɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, aka jiƙa aka rufe ta kwana uku ta ruɓa. Ruwa ne abin ji, don unguwarsu pampo ba ya kawowa kullum. Uwale ta zagaya gida-gida, da safe sai ga mata sun jero kowace da bidonta, wato jarka, a ka, wata ma da biyu a kan jaki. Rahamatu ta tsaya a ƙofa tana karɓa tana godiya, tana mamaki, don ba ta roƙi kowa ba.

Ranar yaɓe unguwar ta zama kamar gidan suna. Maraya ya naɗe wando har gwiwa ya shiga cikin laka yana takawa, yana ba da labarin yadda ya taɓa fitar da mota daga caɓi shi kaɗai a hanyar Abalak. Yana tsakiyar nuna yadda ya murza sitiyari santsi ya ɗebe shi, ya zauna daɓas. Matan da ke daka a zaure suka saki guɗa. Ya tashi da jan gindi, ya ɗaga hannu kamar ɗan kokawar da ya yi kaye, ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya.

Mahamman yana sama kan tsani, ana miƙa masa curin laka, yana mannawa yana shafewa da tafin hannu. Bangon ya riƙa rufuwa kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, tubalan suna ɓacewa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanya. Ya cike ramin da ruwa ya haƙa, ya sa sabon indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da gindin katanga. Na'Allah da kansa ya hau bedi da adda, duk da Rahamatu tana ta cewa ya sauko ya bar wa masu ƙuruciya. Ya sare rassan ƙasa, ya bar na sama. Da aka janye ganyen sai ga zauren ya fito fili, har da ɗan zanen da ke saman ƙofa wanda kowa ya manta da shi. Jemage ko ɗaya ba a gani ba, Rahamatu kuma ta tabbatar ta faɗi haka da ƙarfi.

A kan ƙyaure aka yi gardama. An kai shi wurin maƙeri ya miƙe shi ya sa masa sababbin ƙarafan rataya, saura fenti. Na'Allah ya ce kore. Rahamatu ta ce shuɗi, irin na sararin sama bayan ruwa. Ya ce kore ya fi kwarjini, ta ce gidan da aka yi wa jan yaɓe in aka sa masa kore zai koma kamar kankana. Aka ce Zakariya ya raba, tunda shi ya yi rayuwarsa cikin haɗa launi. Tela ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana duba, sannan ya ce shuɗi, amma a zagaye bakin ƙofar da farar ƙasa, faɗin yatsa huɗu, kamar yadda ake yi wa wuyan riga. Ya je gida ya ɗauko tsohon magwajinsa na awo, ya auna, ya ja layi da zare, bai bar kowa ya taɓa ba sai da ya gama.

Dakali ne na ƙarshe. Rahamatu ta ce a gina shi sabo, a ƙara masa tsawo. Maraya ya ce don mi, tunda ba su za su zauna ba? Ta ce ita dai ba za ta bar taya a ƙofar gidanta ba. Aka gina, aka daɓe gabansa da tsakuwa, aka kawo farin rairayi aka baza tun daga zaure har bakin hanya. Ta fito da tsohuwar randa ta kafa a gindin bedi, ta cika ta da ruwa, ta ɗora moɗa a kan murfin.

Da la'asar ɗin kwana na takwas duk suka tsallaka zuwa ƙofar Uwale suka juyo. Rana ta karkata tana dukan bangon, ya yi ja kamar gasasshen burodi, ƙofar shuɗiya a tsakiya da farin wuyanta. Uwale ta waiga ta dubi tata katangar.

"To ni yanzu nawa ne kangon," in ji Uwale.

Laka ta rage da yawa, don haka washegari Mahamman ya tsallaka da tsaninsa. Kafin mako ya zagayo mai gidan da ke kusa da na Uwale shi ma ya aika a ɗebo masa ƙasa.

Jimrau ya zo ya gani, ya cire hula ya mayar, ya ɗauki hoto da wayarsa ta kowane gefe ya ce kafin kasuwa biyu an gama. Amma ba ta hannunsa mai sayen ya zo ba.

Ranar kasuwa ce da azahar, rana ta take. Wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta wuce, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya. Wani dogon Buzu mai baƙin rawani ya sauko, matarsa ta biyo shi. Ya yi sallama da dattawan da ke kan dakali, ya nemi izini suka sha ruwan randa. Ya ce sunansa Hamid, raƙuma da shanu yake kawowa kasuwa daga arewacin Rumbu. 'Ya'yansa mata biyu sun ci jarrabawa za su shiga kwaleji a nan Dakoro, shi ya sa yake neman gidan da uwarsu za ta zauna da su. Sun ga gida uku yau, ba wanda ya kwanta mata. Yanzu ma hanyar fita gari suke, ita ta ce ya tsaya. Ko sun san mai wannan gida, ko zai yarda ya sayar?

Maraya ya miƙe tsaye. Ya ce Allah ne ya kawo su. Ya ce gidan nan da bazara sanyi gare shi kamar cikin randa, sauro in ya zo ƙofar juyawa yake yi, kaza in ta shiga ƙwai biyu take yi a rana. Zakariya ya ce ko kunama ba a taɓa gani ba a duk layin.

Rahamatu tana zaure da ƙwaryar fura a hannu. Ta fito ta ajiye ta, ta gaida baƙi, ta ce kada su biye wa waɗannan, jiya-jiya suka tuba kuma tubar ta yi musu yawa. Ta ce gida na sayarwa ne. Ɗakin baya yana ɗiga ta kusurwa ɗaya in ruwa ya yi ƙarfi, pampo yakan ɗauke da bazara, sauro kuma yana nan kamar na kowa. Sauran su shiga su gani da idonsu.

Matar, Kadija, ta yi murmushi ta bi ta ciki. Ta duba ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ta shiga madafa ta dubi rufin, ta tsaya a tsakar gida ta auna da ido inda za ta kafa 'yar bukkarta ta tabarmi, don ta ce ita ba ta iya barci ƙarƙashin ginin ƙasa da zafi. Hausarta tana da ɗan karkata, amma sun fahimci juna sarai. Ta ce abin da ya tsayar da ita randar nan ce da sharar ƙofar. Ta ce wa mijinta, matar da ta ajiye wa masu wucewa ruwa, ina son in ga cikin gidanta.

Suna fitowa suka tarar da Na'Allah ya dawo daga masallaci, Hamid ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ta magana da sauri. Ashe ya gane shi. Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu, Hamid yana saurayi, wannan mutumin ne ya zo rugarsu a kan raƙumin aro, ya kwana uku yana allura har garken mahaifinsa ya tsira. Na'Allah bai tuna fuskar ba, amma ya tuna rijiyar, ya tuna wata jar saniya mai karyayyen ƙaho da ta kusa halbe shi. Hamid ya yi ihu ya ce jikokinta suna nan.

Aka shimfiɗa tabarma. Hamid ya ɗauko kayan shayinsa daga mota ya hura gawayi a gindin bedi. Aka aika aka kira Jimrau, ya zo a guje yana haki, yana cewa ai dama shi ya san za a yi haka. Kafin a sha kofi na uku an daidaita, aka sa ranar zuwa meri, ofishin magajin gari, don takardu, aka yi fatiha.

Sai Hamid ya juya wurin dattawan biyu, waɗanda suka koma gefe tun da aka shafa fatiha. Ya ce shi mutumin daji ne, sai ya yi wata bai kwana gari ba. Zai bar mace da 'yan mata biyu a garin da ba su san kowa ba. In ba zai takura musu ba, yana roƙon su ci gaba da zama a nan kamar yadda suka saba, don hankalinsa ya kwanta. Fura dai ba ya alkawarin za ta kai ta da, amma shayi da cuku ba za su yanke ba.

Maraya ya yi gyaran murya, ya ce to, za su duba, don su ma mutane ne masu harkoki. Zakariya ya taka masa ƙafa ya ce sun yarda.

Bayan kwana goma aka loda kaya. Maraya ne ya samo motar wurin wani tsohon yaron motarsa, ya kuma tsaya a kan ɗaurin igiya yana ba da umarni kamar za a tafi Agadas. Matan unguwa suka cika zaure, aka yi kuka kaɗan, aka yi dariya da yawa. Uwale ta ba Rahamatu ƙullin daddawa da alkawarin zuwa cin sabon wake. Na'Allah ya yi wa abokansa alkawarin duk ranar kasuwa zai shigo, su ajiye masa wurinsa. Rahamatu ta damƙa wa Kadija mabuɗi, ta nuna mata kazar da ke kwanci a bayan madafa, ta ce ta bar mata ita da ƙwanta tara.

Sun isa Mai Yara rana tana tsaka. Tun daga nesa Hafiza ta hango motar, ta taho da gudu zaninta a hannu tana guɗa, jikokinta na biye. Na'Allah ko jiran a sauke kaya bai yi ba, ya zagaya bayan ɗakuna yana taka ƙasa yana lissafin inda zai kafa turakun tumaki. Rahamatu ta sauko a hankali, ƙafafunta sun yi tsami. Ta cire takalmi ta taka rairayin gonar ubanta, da zafinsa da komai. Hafiza ta rungume ta, ta ja ta inuwa, tana tambayar ta labarin Dakoro tun kafin ta zauna.

"Bari in sha ruwa tukuna," in ji Rahamatu. "Labarin da tsawo, kuma sai kin riƙe cikinki."